Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kuɗi: wane ne mai arziki a Ghana, wa kuma ke ɗauke da haraji?

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, daga unguwar Nima ta Akra nake rubuto wannan wasiƙa. Na zaɓi in yi ta da Hausa don mutanen zango, waɗanda maganar ta shafa ƙwarai, su karanta da idonsu su ga abin da na faɗa muku. Sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi da cika musu takardun haraji, ma'aikata kuma kan kawo mini takardar albashinsu in fassara musu abin da aka yanke. Don haka aljihun mutane iri-iri nake leƙawa, na mai teburin koko da na mai tirela goma.

Maganata ɗaya ce. Dokar harajinmu a takardar albashi take neman mai arziki, alhali kuwa arzikin ƙasar nan ba a nan yake kwance ba. Yana cikin gidaje da filaye da hannun jari da kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Muddin ba a gyara wannan ba, duk wani sabon kaso da za a ƙara wa "masu hannu da shuni" a kan ma'aikacin da ba shi da wurin ɓuya zai sauka.

Bari mu ɗauki jadawalin harajin albashi na 2024, wanda kuka fi ni sani. Sidi 490 na farko a wata ba a taɓa su. Sidi 110 da ke biye kashi 5 cikin 100, sai 130 kashi 10, daga nan a shiga kashi 17.5. Da albashin mutum ya haura wajen sidi 3,900 a wata, duk abin da ya hau kai ana cire masa kashi 25. Kashi 30 yana farawa daga wajen sidi 19,900, sai kashi 35 ga wanda ya wuce sidi 50,000 a wata, wato 600,000 a shekara. A takarda tsani ne mai kyau, kowa da matakinsa. Amma ku dubi inda aka kafa ƙafar tsanin. Sidi 490 a wata sidi 16 ke nan da 'yan kai a rana. An samo adadin ne daga mafi ƙarancin albashi na wannan shekara, sidi 18.15 a yini. Ranka ya daɗe, a aiki yaro da sidi 16 wurin mai wake da shinkafa a bakin titin Nima a ga abin da zai dawo da shi. Mutumin da ke samun sidi 700 a wata, wanda bai iya ciyar da kansa shi kaɗai ba balle iyali, doka ta riga ta ɗauke shi mai rarar da za a gutsura.

Wanda ya fi damuna shi ne matakin kashi 25. Wata ƙanwata nas ce. Ranar da ta kawo mini takardar albashinta mun zauna a tsakar gida muna bi layi-layi: an cire kashi 5.5 na SSNIT, wato asusun fanshon ma'aikata, an cire haraji, an cire na ƙungiyar ma'aikata, an cire bashin da ta ci ta biya adibas ɗin ɗaki na shekara biyu, duk da cewa dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda mai gida ya karɓa. Ta sa yatsa a kan layin haraji ta ce, "Yaya, wai ni ma cikin masu kuɗi nake?" A wuyanta akwai tsohuwarmu da maganin hawan jininta, akwai yara biyu na marigayin wanmu, akwai nata. Abin da take da shi rufin asiri ne, kuma rufin asiri daban, arziki daban. Mai rufin asiri idan ciwo ya kwantar da shi wata biyu sai an zagaya da faranti a masallaci. Amma doka tana cire kashi ɗaya cikin huɗu na saman albashinta, daidai da kason da kamfani ke biya a kan ribarsa.

Na san za a ce akwai rangwame. Akwai kuwa: sidi 1,200 a shekara ga mai aure ko mai riƙon yara, sidi 600 na karatun kowane yaro har yara uku, sidi 1,000 ga mai ɗawainiyar tsoho. Sidi 600 a shekara ko kuɗin motar yaro zuwa makaranta bai kai ba, kuma ba kuɗin ake miƙo maka ba, rage su ake yi daga abin da za a yi wa lissafi. Yawancin ma'aikatan da nake gani ba su ma san da shi ba.

To yanzu mu haura Kanda mu shiga Airport Residential, unguwar masu kuɗi, tafiyar da ba ta fi ƙarfin ƙafa ba daga inda nake zaune. A ɗauki mutum biyu, kowanne sidi 60,000 ke shigo masa a wata. Na farko albashi ne, babban ma'aikacin banki ko injiniyan kamfanin haƙar zinariya. Idan aka bi jadawalin nan, wajen sidi 17,000 za a cire masa tun kafin kuɗin su taɓa hannunsa. Na biyu gidajen kwana gare shi yana karɓar haya. Nasa kashi 8 ne, sidi 4,800, shi ke nan an gama da shi. Idan shaguna ne ko ofisoshi, kashi 15. Wannan kuma idan ya bayyana ke nan, domin albashi mai ba da aiki ne ke yankewa, haya kuwa sau da yawa daga hannu zuwa hannu take, wani lokaci da dala, ko da yake Babban Bankin Ghana ya sha nanata cewa doka ta hana sa farashi da kuɗin waje. A sauko ƙasa ma haka abin yake: ma'aikaci mai sidi 6,000 yana biyan kusan 1,100, mai karɓar hayar 6,000 yana biyan 480.

Ribar hannun jari ita ma kashi 8 ce. A nan gaskiya sai a faɗa, kamfani ya riga ya biya kashi 25 kafin ya raba riba, don haka idan aka haɗa biyun ana maganar kashi 31 ne. Duk da haka bai kai kashi 35 da ake cirewa a saman babban albashi ba. Kuɗin ruwan da mutum ke samu daga banki ko daga takardun bashin gwamnati kuwa babu haraji a kansu ko kaɗan, ko na sidi dubu ne ko na miliyan goma. Ban manta da abin da ya sami masu waɗannan takardu ba lokacin da aka sauya sharuɗɗan bashin cikin gida a ƙarshen 2022 da farkon 2023, har tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatarku, tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta zo ta zauna tare da su. Ba kuɗin maganin waɗannan nake cewa a taɓa ba. Ina cewa ne bai kamata ajiyar tsohon malamin makaranta da ajiyar biloniya su sami kariya iri ɗaya ba.

Mai girma Minista, mu a zango mun taso da wani ma'auni na gane mai arziki, kuma ina ganin akwai abin ɗauka a cikinsa ko ga wanda ba Musulmi ba. Ba ina kiran gwamnati ta karɓi zakka ba ne, Ghana ƙasar kowa ce. Hikimar tsarin nake so ku duba. Zakka ba ta tambayar nawa ya ratsa ta hannunka, tana tambayar nawa ya zauna. Sai dukiya ta kai nisabi, misƙali 20 na zinariya, wajen giram 85, sannan shekara ta zagayo tana nan, kafin a fitar da ɗaya cikin arba'in. Gidan da kake kwana, abin hawanka, kayan sana'arka, duk ba a lissafa su. Shanu sai sun kai 30, tumaki da awaki sai 40. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hukuncin amfanin gona. Gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma ake fitarwa. Wadda manomi ya shayar da ƙarfinsa da kuɗinsa, ɗaya cikin ashirin. Wato wanda ya fi zubar da gumi shi ake sassauta wa, wanda samu ya zo masa cikin sauƙi shi ke fitar da kaso mafi yawa. Dokarmu ta juya wannan ƙa'ida ƙafa a sama. Nas da ke kwana tsaye a kan marasa lafiya kashi 25, mai gidan da haya ke iske shi a kan gado kashi 8.

Don haka idan kuka tambaye ni wane ne mai arziki, ba zan fara da adadi ba. Mai arziki shi ne wanda dukiyarsa ke ciyar da shi ko ya fita ko bai fita ba, wanda zai yi shekara bai yi aiki ba tukunyar gidansa ba ta sauya ba, yaransa ba su bar makarantarsu ba. Idan kuma dole sai an ja layi, to ba ni da ja da layin sidi 50,000 a wata da doka ta riga ta ja. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi bai kai sidi 600 a wata ba a 2025, wanda ke samun ninkinsa sama da tamanin ba zai ce shi talaka ne ba, ko da kuwa kuɗin makarantar 'ya'yansa da dala ake biya. Kashi 35 ma bai yi mini kaɗan ba, ban zo neman a mayar da shi 45 ba. Abin da nake nema shi ne a tara wa mutum duk samunsa wuri ɗaya, albashi da haya da ribar jari da kuɗin ruwa da ribar sayar da fili, sannan a ɗora jimillar a kan tsani guda. Kayan aikin yin haka suna hannunku. Tun Afrilun 2021 lambar Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ta zama lambar mai biyan haraji, kuma da ita ake buɗe asusun banki, da ita ake rajistar layin waya. Idan aka ɗaure rajistar fili da ta mota da ta kamfani da wannan lamba, aka kuma bar kwamfutocin hukumomin suna magana da juna, ba sai an bi kowa gida ba.

Akwai ƙorafin da na san zai taso, kuma daga unguwarmu zai fara tasowa: idan aka ƙara harajin haya, mai gida kan ɗan haya zai juye shi, sannan yaya za a yi da gwauruwar da ɗakuna uku na gado ne abincinta? Wannan tambaya ce ta gaskiya, domin gidaje da yawa a Nima da Mamobi irin waɗannan ne, gidan kaka da jikoki ashirin ke da rabo a ciki. Amma a lura, tsarin yanzu shi ne ke cutar da gwauruwar. Idan hayarta sidi 450 ce a wata, doka ta ce ta ba da kashi 8, sidi 36. Da an ɗora ta a kan tsanin da nake magana, ko sisi ba za ta biya ba, domin ba ta kai matakin farko ba. Kaso ɗaya ga kowa ƙaramin yake dannewa, babban yake ɗagawa. Shi kuwa mai benaye a Cantonments, masu hayarsa ofisoshin jakadanci ne da manyan kamfanoni, kuma ya riga ya tsuga musu iyakar abin da kasuwa za ta ɗauka.

Sai harajin gine-gine, wanda ƙananan hukumomi ke karɓa. A ganina nan ne babbar asarar take. Kuɗi suna iya shiga jirgi su bar ƙasa, riba ana iya ɓoye ta a littafi, amma bene yana nan tsaye inda aka gina shi, kowa na ganinsa. Ku zaga East Legon da Ridge da Trasacco da dare ku ƙirga benayen da ba a kunna fitila a cikinsu. Da yawansu ba don kwana aka saye su ba, ma'ajiyar kuɗi ce, musamman tun da sidi ta zube a 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a watan Disamba. Mai albashi ya kalli kuɗinsa suna narkewa, mai bulo da siminti ya kalli nasa suna kumbura. Amma ƙimar da ake lissafa harajin da ita a wurare da dama tsohuwa ce, an yi shekaru ba a sabunta ba, kuma gini ake yi wa kuɗi, filin da aka katange aka bari yana jiran farashi ya tashi ba ya biyan wannan haraji. A sake ƙiyasta gine-ginen Akra da Kumasi da Takoradi, a yafe ko a sassauta wa gidan da mutum ke ciki da iyalinsa idan ƙimarsa ba ta wuce wani haddi ba, a ɗora nauyin a kan gida na uku da na huɗu da na goma. Kuɗin kuma su tsaya a ƙaramar hukumar da aka tara su, a kafe lissafinsu a allo inda kowa zai gani.

Dalilin da ya sa nake tsoron kada maganar nan ta mutu a kan tebur shi ne mun ga yadda aka yi a baya. A tsakiyar 2018 an kawo kashi 35 a kan albashin da ya wuce sidi 10,000 a wata, aka kuma sa haraji a kan motoci masu manyan injuna. Masu abin suka yi magana, kuma muryarsu tana isa inda ake so. Kafin a shiga 2019 an janye kashi 35 ɗin, an mayar da shi 30 a kan abin da ya wuce 20,000. Harajin motocin shekara guda ya yi aka soke shi. Na yarda an tsara shi da gaggawa, domin girman inji aka duba ba darajar mota ba, tsohuwar akwala da sabuwa dal kuɗinsu ɗaya. Amma gyara ya kamata a yi, sai aka binne. E-levy kuwa, wato harajin tura kuɗi ta waya, wanda ya bi kowa har cikin wayarsa, ya fara a Mayun 2022 da kashi 1.5, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, bai tafi ba sai Afrilun 2025. Shekara uku mai aika wa tsohuwarsa kuɗin cefane zuwa Bawku ko Yendi yana biya. Mun gode da kuka soke shi, kuma ba mu manta da soke lampon 'yan kayaye, masu dakon kaya a kasuwa, da aka yi a 2017 ba. Amma a cikin 2025 aka ƙara sidi ɗaya a kan kowace litar mai don biyan bashin wutar lantarki, wannan kuwa a kuɗin motar haya ta trotro da farashin buhun albasa yake ɓullowa.

Ana yawan cewa mutanen kasuwa ba sa biyan haraji. Duk wanda ya faɗi haka bai tsaya kusa da teburin mai koko da safe ba. Kafin ta sayar da rabin tukunya mai lampo ya iso, ya yage tikiti ya miƙa mata, ta kunce bakin zane ta ba shi, ta soke takardar a ƙarƙashin farantin ƙosai kada iska ta ɗauke, domin gobe ma zai dawo, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Sukarin da ta zuba da ledar da ta ƙulla da katin wayarta duk akwai haraji a ciki. Harajin sayen kaya na VAT da 'yan rakiyarsa, na inshorar lafiya da na asusun ilimi na GETFund da na korona, sun kai kusan kashi 22 a shekarun 2023 zuwa 2025. Gaskiya ne ɗanyen abinci ba ya ciki, amma talaka ba ɗanyen abinci kaɗai yake saye ba, kuma shi duk abin da ya samu kashe shi yake yi, mai kuɗi kuwa kaɗan yake kashewa ya ajiye saura. Direban trotro da na tasi suna sayen sitikar haraji duk wata uku. Mutanen nan suna biya, sunansu ne kawai ba ya cikin kwamfuta. Kuma mutanen Akra ba yau suka fara nuna cewa suna gane harajin da bai yi adalci ba. Harajin kai na 1852 ya jawo boren da ya sa Turawa suka yi wa Osu da La da Teshie ruwan igwa a 1854. A Mayun 1995 zanga-zangar Kume Preko ta sa aka janye VAT na kashi 17.5 bayan an rasa rayuka, sai a 1998 ya dawo da kashi 10.

Yanzu zan juyo gida, domin ba daidai ba ne in nuna East Legon da yatsa in rufe ido a kan zango. Muna da masu arziki, arziki na gaske. Akwai alhazan da tirelolinsu ke ɗauko albasa daga Nijar zuwa Adjen Kotoku, akwai masu shanu a Tulaku, akwai 'yan canji a Tudu da Cow Lane, akwai dillalan zinariya da na filaye. Wani abin da ke ratsa hannunsa a mako ya fi albashin darakta na shekara, amma a idon hukuma shi da mai kanti ɗaya ne, dukkansu "ƙananan 'yan kasuwa". Iyayena alhazai, da girmamawa nake faɗa: "na fitar da zakka" ba amsa ba ce. Zakka haƙƙin Allah ce da na mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata. Titin da tirelarku ke bi, da asibitin da matanku ke haihuwa, da makarantar da 'ya'yan masu yi muku dako ke zuwa, da kuɗin haraji ake yin su. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa bayyana samunsa da gaskiya. Ba za mu riƙa kukan an manta da zango ba alhali manyanmu ba sa cikin littafi. Wanda ke biya shi ke da bakin tambaya.

Amma ranka ya daɗe, ku ma ku san abin da ke hana su fitowa. Da yawansu ba su yi boko ba, lissafinsu a ka yake da kuma wani ɗan littafi da ajami. Tsoronsu shi ne ranar da suka kai kansu za a ƙirga musu bashin shekara goma da tara a kai, ko a yi musu kuɗi a kan duk abin da ya ratsa hannunsu alhali ribar buhun albasa 'yar kaɗan ce, wani zubin ma rabin mota ruɓewa take yi a hanya. A buɗe musu ƙofa ta wa'adi: wanda ya shigo da kansa a fara masa lissafi daga ranar. A zaunar da ma'aikata masu jin Hausa da Dagbani a kasuwannin, a bi ta hannun sarakunan zango da shugabannin 'yan albasa da na mahauta, waɗanda suka san wa ke da tirela goma wa kuma ke riƙe da ta wani. A ba da rasit na gaskiya a kan kowane sidi.

Sannan gyaran ya fara daga sama, don a nan ake kallo. Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya keɓe albashin shugaban ƙasa da alawus ɗinsa da fanshonsa daga haraji. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba a kasafin ƙasa, amma darasin da ke ciki babba ne, kuma tun da ana maganar gyaran kundin, lokacin cire wannan ya yi. Sashe na 286 ya wajabta wa manyan jami'ai bayyana kadarorinsu ga Babban Mai Binciken Kuɗi, amma takardun a rufe suke, jama'a ba sa gani. A buɗe su. Haka nan rangwamen harajin da ake yi wa kamfanoni a kan kayan da suke shigowa da su: an yi dokar 2022 don a sa masa linzami, to a riƙa wallafa sunan duk wanda aka yafe wa, da adadin, da ayyukan yi nawa ya samar. Duk sidin da aka yafe wa babba, a wurin ƙarami za a cike gurbinsa. Abin da ƙasar nan ke tarawa na haraji bai wuce wajen kashi 13 zuwa 14 na arzikin da take samarwa a shekara ba, shi ya sa muke ta cin bashi har muka koma hannun IMF, aka amince mana da bashin dala biliyan 3 a 2023. Kowa ya yarda sai an ƙara tarawa. Rigimar ita ce daga aljihun wa.

Abin da nake roƙo a kasafin kuɗin da za ku kai majalisa a watan Nuwamba shi ne a ɗaga matakin da ba a taɓawa ya kai abin da zai ciyar da mutum da gaske, a matsar da matakin kashi 25 sama ya bar malaman makaranta da nas-nas da 'yan sanda, a kuma sa a doka cewa matakan za su riƙa motsawa da kansu duk shekara gwargwadon tashin farashi, domin yanzu ƙarin albashin da bai ma cike gurbin tsadar kaya ba yana tura mutum mataki na gaba. Giɓin da wannan zai bari a cike shi daga haɗe samun mutum wuri ɗaya da kuma harajin manyan gine-gine.

Kafin nan, akwai abu ɗaya da ba ya bukatar sabuwar doka. Ku umarci hukumar tara haraji ta GRA ta fito da alƙaluma, ba tare da sunan kowa ba: mutum nawa ne a Ghana ke biyan kashi 35, nawa ne a cikinsu 'yan albashi, nawa aka tara daga harajin haya a bara, nawa aka tara daga PAYE, wato harajin albashi. Idan alƙaluman sun fito, ku aiko wakilanku Nima su zauna da mu, 'yan kasuwa da ma'aikata da masu gidaje, a karanta mana su da Hausa. Zauren taro da tafinta mu za mu samar.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Mai riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi,
Nima, Akra